Janwe Kafin Tara: Yadda Za A Tsara Sintirin Buɗe Manyan Titunan Kano

Daga 2011 zuwa yau, babu abin da gwamnatocin Kano suka zuba wa kuɗi a harkar hanya kamar gadoji. Kwankwaso ya yi gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya. Ganduje ya yi ta Dangi, ya kammala doguwar gadar Sabon Gari, ya yi ta shataletalen Hotoro. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta kama ta Tal'udu da ta Ɗan Agundi. Duk wanda ya san Dangi kafin a yi gada ba zai ce aikin banza aka yi ba. Sai dai gada faɗin hanya take ƙarawa, ba ta da yadda za ta yi da tifar yashin da ta mace a kan hawanta da ƙarfe 5 na yamma. Tifa ɗaya ta isa ta mai da gadar biliyoyin naira lungu, kuma haka za ta zauna har sai an zo an janye tifar. Abin da ya dame ni ke nan: wa aka ɗora wa janyewar, da wane kayan aiki, kuma cikin minti nawa?

Mu tsaya mu kalli abin da ke faruwa idan babbar mota ta lalace a titin Zariya, a ce tsakanin Gadar Lado da Unguwa Uku. Direba ya ja birki, yaron mota ya diro da gudu ya nemo dutse ya tare taya. Ya tsallaka bakin titi ya karyo reshen darbejiya ya watsa ganyen a baya, shi ne alamar gargaɗi. Direba ya kira mai mota, mai mota ya ce a jira bakaniken da ya saba da shi, shi kuwa bakanike yana can wani gareji a ƙarƙashin wata motar. Kafin ya iso, ya duba, ya ce sai an sayo kaza a Ƙofar Ruwa, ya je ya dawo, la'asar ta zama isha'i. A nan za a kwance giya, a nan baƙin mai zai malale a kwalta, wani lokaci a nan motar za ta kwana, yaron mota ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. A baya kuwa layi biyu sun zama huɗu, 'yan adaidaita sahu sun cusa kai ta kowace kafa, wasu sun tsallaka ɗaya hannun suna wanwe, sun toshe masu tahowa daga can. Jami'in da ke wurin yana iyakar ƙoƙarinsa da hannu da usur, amma ba shi da abin da zai motsa tan 30 da shi. In an gama gyara motar ta tashi, dutsen da ganyen da baƙin man suna nan a tsakiyar titi, mai babur ya zo da dare ya yi karo da su.

Ba za ka iya nuna mutum ɗaya a cikin wannan ka ce shi kaɗai ne mai laifi ba. Direba yana tsoron mai mota, mai mota yana tsoron kuɗin janwe da tara, jami'i kuwa aikin ba da hannu aka turo shi yi. Akwai aiki guda da ba a damƙa wa kowa shi sosai ba, shi ne buɗe hanya da gaggawa. Muna ɗaukarsa ƙaramin abu ne saboda ba mu cika zama mu lissafa abin da jinkirinsa ke ci ba.

Injiniyoyin hanya a Amurka sun daɗe da yin wannan lissafi. Abin da suka samu shi ne, titi mai layi 2 idan aka toshe layi 1, ba rabin ƙarfinsa ke rage masa ba, kusan kashi 35 cikin 100 ne kawai. Mai layi 3 in ya rasa 1, kashi 49 ke rage masa. Dalili kuwa a fili yake: motoci na kokawar shiga layin da ya rage, kowa kuma yana rage gudu ya leƙa ya ga me ya faru. Amma da za a ture lalatacciyar motar daga kan layi zuwa gefen titi, titin mai layi 2 zai dawo da kusan kashi 95 na ƙarfinsa. Tazarar mita 3 ce tsakanin 35 da 95. A titunan da direbobi ke bin layi aka auna wannan. A namu, inda tirela da adaidaita sahu da kurkura da mai tura baro ke raba kwalta ɗaya, abin ba zai fi haka sauƙi ba.

Ga misali don a ga yadda lokaci ke aiki. Mu ƙaddara hannu ɗaya na titi yana iya wucewa da mota 4,000 a awa, kuma da yamma mota 3,000 ke bi ta kansa. Tifa ta toshe layi ɗaya, ƙarfin ya faɗo zuwa 1,400. Ke nan mota 1,600 ke taruwa a baya kowace awa. Idan aka janye ta cikin minti 30, mota 800 sun taru, kuma da yake rarar titin 1,000 ce kacal a awa, sai an ƙara minti 48 kafin layin ya watse. Idan aka kai awa guda, mota 1,600 sun taru, sai an ƙara minti 96. Tsawon layi ya ninka, tsawon jira ma ya ninka, don haka asarar lokacin jama'a ninki 4 ta yi: daga awa 520 zuwa awa 2,080 in an haɗa na dukkan motocin. A cikin motocin nan akwai mai naƙuda da aka nufi asibitin Malam Aminu Kano da ita, akwai ɗan kasuwar Kwari da ke son ya iske banki a buɗe, akwai mai adaidaitar da man da ya sha don yin balas ke ƙonewa a tsaye. Ka rage lokacin buɗe hanya da rabi, ka kawar da kashi uku cikin huɗu na wahalar. Ban ga aikin siminti da zai ba da wannan riba da kuɗi kaɗan haka ba. Ga kuma haɗari na biyu, wanda ke aukuwa a wutsiyar layi, inda mai tahowa a guje bai san an tsaya ba, musamman da dare ko lokacin hazo a watannin Disamba da Janairu.

Mintunan nan ba a dunƙule suke ba. Akwai lokacin da ake ɗauka kafin hukuma ta ji labari. Akwai na tabbatar da wurin da irin motar, domin wanda ya ce "mota ta lalace a Hotoro" bai faɗi komai ba, Hotoro gari ce. Akwai na tafiya zuwa wurin, sannan na janyewa, sannan na share titi. A Kano labari ba ya wuyar isa, kusan kowace babbar mahaɗa akwai jami'i a tsaye, kowa kuma da waya a hannu. Inda lokaci ke salwanta shi ne tsakanin jin labari da isowar abin da zai iya jan motar, da kuma gardamar da ake yi bayan ya iso. A waɗannan biyun ya kamata duk wani tsari ya sa ƙarfinsa.

Wasu sun riga mu. A birnin Shikago na Amurka an fara sintirin motocin agaji a manyan tituna tun farkon shekarun 1960. Los Anjalas ta fara nata a 1991, inda hukumar sufuri ke ɗaukar hayar masu janwe su yi ta zagaya yankunan da aka yanka musu a lokutan cunkoso, su taimaki direba kyauta. Ingila ta ƙirƙiro jami'an kula da manyan tituna a 2004 don ta sauke wa 'yan sanda nauyin janye mota da share hanya. Jihar Fulorida ta sa wa kanta wa'adin minti 90 na buɗe hanya bayan haɗari, har tana biyan kamfanonin janwe lada na musamman idan suka kwashe faɗaɗɗiyar tirela cikin wa'adin. Hukumar manyan hanyoyin Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 25 cikin 100 na cunkoson ƙasar daga haɗurra da lalacewar motoci yake. Titunansu ba irin namu ba ne, ba su da kasuwa a bakin kwalta, amma abu ɗaya ya haɗa duk waɗannan tsare-tsare: an ware wasu mutane aka ce aikinku buɗe hanya, kuma da agogo za a auna ku.

Mu a nan ba hukumomi muka rasa ba. Akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, da aka kafa a 1988, mai lambar kiran gaggawa 122, kuma kawar da cikas daga kan hanya yana cikin aikin da doka ta ba ta. Akwai KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, tun 2012. Akwai 'yan sandan MTD masu binciken haɗari, akwai 'yan VIO masu duba lafiyar mota, akwai 'yan kwana-kwana. Kowacce da shugabanta, da wayarta, da iyakar hurumin da take karewa. Titin Zariya da na Katsina da na Maiduguri na tarayya ne, amma a tsakiyar unguwannin birni suke, jiha ce ke shan zafin cunkosonsu. Don haka tambayar farko a wurin haɗari takan zama "aikin wa ne?", kuma ana amsa ta ne yayin da layi ke ƙara tsawo.

Kafin a zo kan mota nawa za a saya, akwai maganar da a ganina ita ce ginshiƙi. Dole a raba mai taimako da mai kame. Direban Kano ya saba cewa zuwan janwe na nufin an tafi da mota ofis, sai tara, sai kuɗin ja, sai kuɗin kwana. Yajin aikin da 'yan adaidaita sahu suka yi a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista, wanda ya sa jama'a tafiyar ƙafa kwana da kwanaki, ya nuna yadda dangantakar masu tuƙi da hukumar hanya ta fi karkata ga maganar kuɗi. Mutumin da yake ganin kira zai jawo masa asara ba zai kira ba. Zai ɓoye lalacewar, ya roƙi jami'i ya ba shi "minti biyar", ya tara 'yan uwansa direbobi su tsaya a gaban janwe. Kowane minti na wannan jayayya jama'ar da ke baya ke biya. Saboda haka ayarin sintirin buɗe hanya ya zama da kayansa daban, launin motarsa daban, ba ya riƙe rasit, ba ya karɓar ko sisi. Jan farko, daga kan layi zuwa wuri mafi kusa da ba ya tare hanya, kyauta ne. Wanda ya ƙi yarda a ja, ko ya bar motarsa ta wuce wa'adi a inda aka ajiye masa, shi ne masu tara za su zo kansa, kuma a lokacin ba mai tausaya masa.

Za a ce gwamnati za ta yi asarar kuɗin shiga, kuma masu ruɓaɓɓun motoci za su samu sake. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma wurin kama ruɓaɓɓiyar mota shi ne tasha da wurin lodi da ofishin sabunta takardu, kafin ta hau titi. In ta riga ta mace a kan gada, tarar da za a ci mai ita ba ta kai ko kusa da abin da dubban mutanen da ke bayanta ke asara ba.

Sai kuma ina za a sa su. Ba a raba motocin sintiri daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi, ko a bi inda manya ke zaune. Ana bin inda nauyi yake. Hatsin Dawanau ta titin Katsina yake fita, ta Miltara da Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna. Kayan gwari na 'Yankaba suna kan titin Haɗeja. Tankokin mai suna taruwa a wajen daffon Hotoro, goro na sauka a Mariri, lemo da katako suna Na'ibawa. Kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai suna da nasu tirelolin, ga tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023. Duk waɗannan suna haɗuwa a kan hanyoyin baifas na gabas da na yamma. Ko ba a buɗe kundi ba, tsohon jami'in hanya zai lissafa maka wuraren da manyan motoci suka fi macewa: hawan gada, shan kwanar juyawa inda doguwar mota ke kasa karyawa, da wurin da ramuka ke karya sifirin. Amma a buɗe kundin. A tattara rahotannin shekara 2 ko 3 na FRSC da KAROTA da 'yan sanda, a ɗiga kowane a kan taswira da ranarsa da lokacinsa. Sashen injiniya na Jami'ar Bayero ko cibiyar nazarin sufuri ta NITT da ke Zariya za su iya wannan aiki ba tare da an ɗauko ƙwararru daga waje ba.

Tsawon yankin da aka yanka wa kowace mota shi ke yanke lokacin isowa. A ce an ba janwe ɗaya kilomita 8. Zuwa da dawowa 16 ke nan, in yana tafiyar kilomita 24 a awa, zagaye ɗaya minti 40. Wanda motarsa ta lalace zai jira minti 20 a tsaka-tsaki kafin janwen ya iso kansa. In aka sa biyu, minti 10. Wannan shi ne cinikin da mai tsarawa zai yi da baitulmali, kuma gara a ɗauki titi 3 a yi musu sosai da a warwatsa motoci 10 a duk faɗin birni ba wanda ke isa kan lokaci.

Sai dai ban ga hikimar a kwafo tsarin zagaye na Los Anjalas yadda yake ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, babbar mota da ke yawo babu kira kuɗi take ƙonawa. Abu na biyu, janwen da ya biyo bayan cunkoso shi ma ya maƙale a cikinsa, jiniya ba ta buɗe hanyar da ba ta da gefe. Ga shingen tsakiyar titi, wanda ke sa mai hango haɗari a ɗaya hannun ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami wurin juyawa. Abin da ya fi dacewa da Kano shi ne babura su yi zagayen, janwe ya zauna a girke. Jami'i a kan babur ɗin hukuma, da oba-oba, da mazugan roba masu ƙyalli, da 'yar jakar agajin farko da abin kashe wuta, zai ratsa inda mota ba za ta iya ba. Shi zai fara isa, ya kafa alamu, ya faɗa wa ɗakin kula da kira ainihin abin da ake buƙata. Janwe kuma a girke shi a manyan mahaɗu kamar Dangi da Na'ibawa da Hotoro da Kurna da Kabuga, inda zai iya fita ta kowace fuska, kuma a ba shi izinin tahowa ta gaban haɗarin, ta layin da ya zama fayau, bayan jami'ai sun tsare masa hanya.

Lokaci ma haka. Safiya daga 7 zuwa 10, yamma daga la'asar zuwa bayan isha'i, nan ne ya kamata ƙarfin ayarin ya taru. Kalandar Kano kuma tana da nata: Juma'a da rana a kewayen manyan masallatai, sa'ar da ta rage a sha ruwa a watan azumi lokacin da kowa ke gudu kuma haƙuri ya yi ƙaranci, jajibirin salla da ranakun hawa, da watan Agusta, lokacin da ruwa ke taruwa a gadojin ƙasa ƙananan motoci su sha ruwa su mace. Ranar da hadari ya haɗo, janwe da injin zuƙe ruwa su riga ruwan isa bakin gadar ƙasa.

Yawancin abin da ke tsayar da ƙaramar mota ba babban abu ba ne: mai ya ƙare, taya ta yi faci, batir ya mutu, lagireto ya tafasa. Motar sintiri mai ɗauke da jarkar ruwa, da jak, da wayar tayar da batir, da igiyar ja, da tsintsiya da buhun yashi don baƙin mai, za ta gama da mafi yawansu cikin minti 10. In abin ya fi haka, ba a gyara a kan layi, a ja. Amma a ja zuwa ina? Nan ne tsarin zai iya tuntuɓe, domin gefen titunanmu masu tebur da masu faci da motocin da ke jiran fasinja sun cinye shi. Sai an bi kowane titi an ware wuraren ajiya tun da wuri, kowane kilomita 1 ko 2, a yi yarjejeniya da gidajen mai da tashoshi da masu filaye, a rubuta a ba kowane direban janwe.

Manyan motoci su ne ciwon kan. Ƙaramin janwe ba ya motsa tirela mai lodin siminti, balle wadda ta kife. Wannan sai babban janwe da kiren, kuma gwamnati ba ta buƙatar ta mallake su duka. 'Yan kasuwa da kamfanonin gine-gine suna da su a Kano. Abin da ake buƙata shi ne kwangila a rubuce tun kafin ranar: farashi sananne, jerin wanda ke kan aiki kowane mako, wa'adin isowa, da lada ga wanda ya buɗe hanya cikin wa'adi, kamar yadda Fulorida ke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cinikin kiren a gaban kifaffiyar tirela, mai kaya na waya daga wani gari yana neman ragi, shi ke mai da aikin awa 2 ya zama na kwana 2. Gwamnati ta biya nan take, ta bi mai mota ko kamfanin inshorarsa daga baya.

Akwai kuma maganar kaya. Mai buhunan masara zai ce kada a taɓa motar sai an kawo wata an yi juye, 'yan dako su kwashe buhu 600 ɗaya bayan ɗaya. Tsoronsa na gaskiya ne, yana tsoron wawa da lalacewar dukiya. Amsar ita ce 'yan sanda su tsare kayan, a sauke su gefe, a buɗe ko da layi ɗaya, juyen ya biyo baya. Hakan na buƙatar Majalisar Dokokin jiha ta ba jami'ai ikon kawar da mota da kaya ba tare da jiran mai su ba, ta kuma kare su daga ƙara muddin ba ganganci suka yi ba. Jami'in da ke tsoron a ce ya biya kuɗin tirela ba zai taɓa ba da umarnin a ja ta ba. Kuma kada a rubuta wannan doka a bayan ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin sufuri ta NARTO da direbobin tanka. A zauna da su, domin kalmar shugaban tasha ta fi takardar ofis saurin isa kunnen direba.

Ƙaramin karo kuwa, al'ada ce ke riƙe mu. An goge wa mutum fenti ko an fasa masa fitila, sai duka biyu su kashe mota a inda suke, kowa na cewa "kar ka motsa, sai an zo an gani", jama'a su kewaye ana ba da haƙuri ana yanke hukunci. Kowa na tsoron in ya matsa hujjarsa ta ɓace. Yau kuwa hujja tana aljihu: hoto huɗu na waya, lambar mota, matsayin tayoyi, shi ke nan. A mai da shi doka cewa in babu rauni kuma mota na tashi, a ɗauki hoto a matsa gefe, kuma 'yan sanda su sanar a fili cewa suna karɓar hoton. Abin da zai kashe gardamar gaba ɗaya shi ne inshora ta yi aiki. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta ƙananan motocin gida ta koma naira 15,000, tana kuma biyan ɓarnar da aka yi wa wani har naira miliyan 3. Da yawa suna sayenta ne don nuna wa jami'i takarda, ba su san ana iya karɓar kuɗin gyara da ita ba.

Inda aka ji rauni, lissafin minti ya koma na rai, buɗe hanya ya dawo na biyu. Mutanen Kano ba sa wuce wanda ya faɗi, Allah Ya saka musu, amma ɗaukar mai karayar wuya a cusa shi a adaidaita sahu na iya gama abin da haɗarin ya fara. Kowane ɗan sintiri ya san tsayar da jini da ɗaukar mai rauni, ya kuma san ina za a kai wa: asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko na ƙashi na Dala. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ya kamata duk mai taimako ya san haka. Tanka kuwa hukuncinta daban. A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar mai da ta taso daga Kano ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Irin wannan tanka tana ratsa Hotoro da Na'ibawa kullum. In ta faɗi, ba a gaggawar buɗe hanya, rufe ta ake yi, a kori jama'a nesa, a kashe injuna, 'yan kwana-kwana su karɓi ragama. Aikin ɗan sintiri na farko a nan shi ne ya iso kafin masu bokiti.

Wannan ya kawo mu kan wa ke ba da umarni. Ba sai an ƙirƙiri sabuwar hukuma ba. Ɗaki ɗaya ake buƙata, inda wakilin FRSC da na KAROTA da na 'yan sanda da na kashe gobara ke zaune tare dare da rana, kiran 122 da na 112 da na jami'an da ke kan titi duk su faɗo nan. Sai takardar yarjejeniya gajera: in wuta ce ko mai, kwana-kwana ke gaba, in an rasa rai, 'yan sanda, tare da wa'adin gama aune-aunensu, in lalacewa ce kawai, shugaban ayarin sintiri. Daga ɗakin nan kuma saƙo ya tafi gidajen rediyo. Kano gari ne na sauraron rediyo, kusan kowace adaidaita da bas akwai ta a kunne. Sanarwa ɗaya a Freedom ko Arewa ko Rahama cewa a kauce wa Gadar Lado a bi ta baifas za ta rage motocin da ke ƙaruwa a layin tun kafin janwe ya iso.

Su kansu 'yan sintirin a kare su. Mutumin da ke durƙushe yana ɗaura igiya a titin baifas da dare yana cikin haɗari fiye da kowa a wurin. Rigar ƙyalli, fitila, mazugai da aka jera tun daga nesa, da motar aiki da aka gindaya a bayansu ta zama garkuwa, ba kayan ado ba ne. A biya su albashi da alawus kan lokaci, domin wanda aka hana karɓar kuɗi a titi kuma aka bar shi da yunwa, an san inda abin zai ƙare.

A ƙarshen kowane wata, rahoton da za a nema daga wannan ayari kada ya zama na yawan motocin da aka kama ko kuɗin da aka tara. Lokuta huɗu za a rubuta a kan kowane kira: sa'ar da aka ji labari, sa'ar da aka isa, sa'ar da layi ya buɗe, sa'ar da aka share wurin. A buga su kowa ya gani, titi-titi. Ni da za a bi tawa, da titin Zariya daga Dangi zuwa Na'ibawa za a fara, a haɗa da baifas ɗin gabas har Hotoro. A yi wata 1 ana rubuta lokutan kafin a sa ko babur ɗaya, don a san daga inda aka tashi, sannan a yi wata 6 ana aikin, a tabbata damina ta faɗo a ciki. In mintunan sun sauka, a miƙa zuwa titin Katsina, inda lodin Dawanau ke jira. In ba su sauka ba, kundin zai nuna a wane mataki lokacin ke maƙalewa, a isowar janwe ne, ko a gardama da mai mota, ko a jiran kiren, sai a gyara wannan matakin kafin a ƙara sayen mota ko ɗaya.